Katin Launin Marigayi

Shekara tara ni da maigidana muna nutso a teku, gindin wani dutsen murjani da muka kafa wa turke. Aikin ba wuyar faɗa: a kara katin launi a jikin murjanin, a duba lambar da ta yi daidai, a rubuta. Shida lafiya lau ke nan, launin ƙasa sosai. Ɗaya kuwa ya yi fari fat, zafin ruwa ya kusa gamawa da shi. Shi ke riƙe kati, ni ke rubutu a allo.

Da ya rasu na ci gaba da katinsa. Gefen har ya lotsa inda babban yatsansa ke zama. In na fito sai in shanya shi a tagar ofis, kusa da kujerarsa da ba mai zama.

Shekara biyu ina rubuta biyar, biyar, biyar. Ko'ina murjani na mutuwa, namu na nan daram. Har da ɗan girman kai nake tura rahoto.

Sai ga shugabar sashenmu a waya.

"Malama, ruwanki ya fi na kowa zafi, amma dutsenki ko gezau. Yaushe rabonki da canza kati?"

"Katina lafiyarsa ƙalau, ranki ya daɗe."

"Na aiko miki sabo. Ki shiga da su duka biyun."

Raina ya ɓaci. Mace tana zaune ƙarƙashin fanka za ta koya mini dutsena!

Washegari na nutsa. Na kara na marigayi: biyar. Na kara sabon: biyu. Na sake, na sake. Da na haɗa katunan gefe da gefe, sai na gane. Rana da gishiri sun cinye launin tsohon. Ashe tare suke ta koɗewa, kati da dutse, ni kuwa ina ta murna.

Na waiwaya dama in nuna masa yatsu biyu, yadda muka saba. Ruwa ne kawai. Ban taɓa jin kewarsa irin ta wannan lokacin ba.

Da na hau, mai kwale-kwale ya karɓi tukunyar iskata yana dariya.

"Malama, biyar ɗin dai?"

"Biyu," na ce. "Ya daɗe da tafiya, Baba. Ni ce ban yarda na duba ba."