Layin Masu Ba da Shaida

Da Fasto ya ce, "Masu shaida su fito," sai Malama ta ɗaga kai. Ta juya wajen mawaƙa, inda mijinta, Mai Walda, yake zama da gangarsa, ta ga abin da take gudu. Mai Walda ya ajiye sandunan kiɗa, ya miƙe yana gyara wuyan riga, ya bi bayan layi.

A cocinsu haka ake yi kowace Lahadi. Bayan waƙoƙin yabo, duk wanda Allah ya yi wa wani alheri sai ya fito gaban jama'a ya faɗa. Idan kuma abin ya shafi gida ne, matar mutum takan tashi ta tsaya a gefensa. Malama ta san abin da mijinta zai faɗa, don jiya da yamma ya gaya mata. Zai ce Allah ya warkar da jaririyar da ke cikinta.

Sun daɗe da aure ba haihuwa, har dangi suka gaji da tambaya suka koma kallo. Malama tana koyar da 'ya'yan wasu a firamare, tana share musu majina, ta dawo gida shiru. Da wannan cikin ya zo, Mai Walda har kyautar aikin ƙofa ya yi wa maƙwabci don murna. Ranar Alhamis suka je hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon allon na'urar, sannan ta juyo musu da shi. Ta ce mace ce, zuciyarta tana bugawa da kyau, amma ƙoƙon kanta bai haɗu ba, ƙwaƙwalwar kuma ba ta ginu ba. In an haife ta, 'yan sa'o'i za ta yi. Ga shi jinin Malama ya fara hawa. Hanya biyu ce, in ji likitar: ko a cire cikin yanzu, ko a ci gaba ana sa mata ido sosai. Ta ce su je su yi shawara, su dawo ranar Litinin.

Shawarar ce ba a yi ba. Tun a hanya Mai Walda ya ce, "Inji ne fa. Ni da nake kwana nake tashi da inji, ai na san inji yana ƙarya." Ya ɗauki azumi, ya riƙa ɗora hannu a cikinta yana addu'a da ƙarfi, amma da ta buɗe baki sai ya yi kunnen uwar shegu.

"Maigida, don Allah kada ka fita gobe," ta ce masa jiya.

"Bangaskiya ke nan, ki yi godiya tun kafin ki gani. So kike in bar maganar Allah in kama ta mutum?"

"So nake ka zauna ka ji ni."

Bai zauna ba. Ya koma shagonsa da ke jikin gida, ya kunna injin goge ƙarfe, ƙarar ta cika ko'ina.

Na farko a layi wani ɗan kasuwa ne da wayarsa ta ɓata aka tsinta. Ya kwashe labarin tun daga ranar da ya saye ta, kamar wayar ce za ta shiga aljanna. Jama'a suka tafa. Malama ba ta ji rabin abin da ya ce ba. Ta san mutanen cocinta, tana kuma ƙaunarsu, amma magana zarar bunu ce. Muddin mijinta ya ce an warke, to an rufe mata ƙofa. In ta je gobe ta yarda a cire, ita ce matar da ta kashe mu'ujiza. In ta riƙe cikin yarinyar ta mutu, za a fara raɗa ana neman wanda bangaskiyarsa ta gaza, kuma ba za a nuna namijin da ya fito ya yi shaida ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita kanta ba ta gama sanin abin da take so ba. Ta yarda rai na Allah ne, kuma ran nan yana motsi a ƙarƙashin hannunta a yanzu haka. Amma tana tsoron mutuwa. Akwai lokacin da zuciyarta ta ce mata a gama gobe kowa ya huta, kunya ta kama ta har ta kasa addu'a. Mutum ɗaya take so ta gaya wa wannan, shi kuwa ga shi can a layi yana murmushi.

Surukarta, wadda ke zaune kusa da ita, ta buɗe jaka ta nuna mata wani abu a ɓoye. Hular jarirai ce ta ulu, fara, ta kusa gama saƙa ta.

"Saura baki kawai," ta raɗa mata. "Kawunan 'yan gidanmu manya ne, shi ya sa na ƙara mata faɗi."

Malama ta ce, "Ta yi kyau, Mama," ta kawar da kai.

Wata ɗaliba ta ba da shaidar cin jarrabawa, ta haɗa da waƙa. Daga ita sai Mai Walda. Ya karɓi makirufo da hannayen nan nasa masu tabon wuta.

"Yabo ga Ubangiji!"

"Halleluya!"

Ya dubi inda take, ya yafito ta. Surukar ta zungure ta da gwiwar hannu. "Tashi mana, 'yata, mijinki yana jira."

Ta tashi. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin yana cizonta, hanyar tsakiyar cocin ta yi mata tsawo. Mata suna kallon cikin suna murmushi, har wata ta fara guɗa.

"'Yan'uwa, kun san jiran da muka yi," in ji Mai Walda. "Makon nan maƙiyi ya so ya tsorata mu ta bakin likita. Amma na tsaya a gabanku yau in shaida cewa Allahn da nake bauta wa ya riga ya..."

Ta ɗora hannu a kan makirufon. "Ba ni."

"Me kike yi haka?" Ya yi ƙasa da murya, amma lasifika ba ta san sirri ba, kowa ya ji.

"Maigida, ba ni. Cikina ne."

Ya saki, don ba zai yi kokawa da matarsa a gaban bagade, inda Fasto ke tsayawa, ba. Ba ta taɓa magana a gaban ikilisiya ba, sai dai a gaban yara.

"Yarinya ce," ta ce. "Likita ta ce kanta bai haɗu ba, in na haife ta ba za ta kwana ba. Ta ce jinina ya hau, in zaɓa ko a cire ko in riƙe. Gobe zan ba da amsa. Ban sani ba ko Allah zai warkar da ita, bai gaya mini ba. Tsoro nake ji. Kada ku tafa mini, ku yi mini addu'a."

Mai kiɗan molo, da ke taɓawa a hankali tun ɗazu, ya tsaya. Sai ƙarar fanka kawai ake ji. Malama ta miƙa wa mijinta makirufon ba tare da ta dube shi ba. Ta san kalma ɗaya ta ishe shi. In ya ɗaga murya ya ce, "Mun ƙi wannan rahoto," cocin gaba ɗaya zai amsa masa, ita kuwa ta zama mace mai raunin zuciya da ta kunyata mijinta.

Ya kai makirufon baki, ya sauke. Ya sake kaiwa.

"Na ga hoton," ya ce, muryarsa ta dushe. "Da idona na gani. Tun ranar, in na rufe ido sai in gan shi."

Ƙaton mutumin nan mai lanƙwasa ƙarfe ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Fasto ya taso ya karɓi makirufon, ya ce, "Mu durƙusa." Aka ji kujeru suna motsi. Surukar ba ta durƙusa ba, ta fito ta riƙe Malama, don ta ga tana neman faɗuwa.

Da yamma suka zauna a ɗaki, shago a rufe. Malama ta gaya wa mijinta komai, har da tunanin nan da ya ba ta kunya. Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce shi ma ya yi irinsa, shi ya sa ya gudu wajen azumi.

Washegari suka shiga ofishin likita tare. Likitar ta auna jinin Malama, ta ɗan ɓata fuska, ta rubuta magani, sannan ta tambaye su abin da suka yanke.

"Zan riƙe ta," in ji Malama. "Iya kwanan da Allah ya ba ta, a wurina za ta yi shi."

Likitar ta ce to, amma duk mako za ta riƙa zuwa, kuma in jinin ya wuce iyaka ba za a jira ba.

"Kada ku jira," Mai Walda ya ce da sauri. "In ya kai haka, ku cece mini ita. Mun yi wannan maganar." Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Likita, ina da tambaya. In an haife ta da rai, za a bar ni in ɗauke ta?"

"Za a bar ka."

Ya dubi tafukan hannayensa, duk kanta da tabo. "Ba za su ji mata ciwo ba?"

Likitar ta buɗe baki, amma Malama ta riga ta. Ta kama hannayen, ta ɗora su a inda yarinyar ke motsi.

"Ai ta riga ta san su," ta ce.