Ranar da Yaya Ya Zo Ganin Unguwa

Motar haya ba ta gama tsayawa ba Kafinta ya miƙa hannu ya karɓe jakar yayansa. Ko numfashi bai bari bawan Allah ya sauke ba, ya ce ai gida ba ya gudu, su fara zaga unguwa a ƙafa.

Yana da dalilinsa. Shekarun baya, da ya bar ɗakin haya a tsakiyar birni ya sayi fili a nan, babu komai sai gonaki da rijiya ɗaya da turakun masu awo. Yaya kuwa, a gaban dangi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙaninsa zai koma maƙwabtaka da birai. Tun daga ranar Yaya bai taɓa taka gidan ba, mai son ganinsa sai dai ya bi shi can cikin birni. Kafinta mutum ne mai fara'a, amma maganar nan ta shige shi kamar ƙusa a katako. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya ji da kunnensa Yaya ya ce, "Ka yi gaskiya." Yau kuma ga Yaya ya kawo kansa ba tare da gayyata ba.

Sai ya sa shi gaba. Ya nuna masa babban titi da fitilunsa, ya ce a nan ne da suke ɗauko katako a ka daga inda mota take juyawa, laka har gwiwa. Ya nuna masa makarantar da ta fara da aji ɗaya, wadda shi ya buga mata bencinan farko, yanzu ga ta hawa uku. Suka ratsa kasuwa mai rufi, suka wuce filin wasan yara, inda bishiyoyin da mazauna farko suka dasa suka haɗe kai suka yi inuwa. Ruwan famfo, in ji shi, yana hawa har bene ba sai an roƙe shi ba. Mai gyaran babur ya ɗaga masa hannu, mai kantin magani ta tambaye shi iyali, shi kuma yana amsawa da ƙarfi yana satar kallon Yaya. Wanda ya ji shi sai ya rantse shi ya zuba kwaltar da hannunsa.

Yaya dai ba ya cewa komai sai "To" da "Madalla". Yana tafe a baya, ya tsaya, ya dafa bango, ya sake tahowa. A bakin filin wasan ma zama ya yi a kan benci, sai da aka jira shi. Kafinta ya ce a ransa, girman kai rawanin tsiya, mutum ya gani da ido amma baki ya ƙi buɗuwa. Bai damu ba, don ya ajiye babbar hujjarsa sai ƙarshe.

Da suka iso ƙofar sabon asibiti, ya gyara tsayuwa ya hau bayani. Ya ce har injinan wankin ƙoda gare su, mutanen tsakiyar birni da kansu nan suke zuwa su bi layi. Yana cikin magana wata nas ta fito za ta tafi gida, ta wuce shi ta rusuna wa Yaya.

"Baba, ya jikin? Ai ba yau ne naka ba, sai jibi."

Yaya ya amsa mata a hankali, ta wuce. Sannan ya juyo wajen ƙaninsa. Ya ce tun watannin baya yake zuwa nan a wanke masa ƙoda, ta bakin layin gidan ƙanin nasa motar take bi, amma kunya ta hana shi sauka. Yanzu jiki ya daina ɗaukar doguwar hanya, likita ya ce ya nemi wurin zama kusa.

Sai a lokacin Kafinta ya dubi yayansa da kyau. Wuyan riga ya yi masa yawa, ƙafafu sun kumbura sun cika silifas, leɓe ya bushe. Wannan ne mutumin da ya yi ta ja a rana tun daga tasha. Kunya da tausayi suka rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ni da na yi maka dariya a gaban mutane," in ji Yaya, "ga shi yau na zo neman ɗaki. Ƙanena, maganar Allah, ka yi…"

"Bari, Yaya. Rana ta yi zafi."

Ya tare tasi, alhali gidan ga shi can ana hango rufinsa. A cikin motar ya kira matarsa a waya, ya ce ta kwashe kayansu daga ɗakin ƙasa su koma sama, Yaya ba zai iya hawa bene ba. Ta fara tambaya, ya ce in sun iso za ta gani.

Yaya ya gyara murya zai ƙarasa maganar da ya fara. Kafinta ya juya ya hau direba da faɗa, wai gudu ya yi yawa, ba ya ganin da marar lafiya a mota. Ya ɗaga murya sosai bai yi shiru ba har ƙofar gida, don kada ya ji.