Kwalbar Bayan Randa

Laifin Ikilima ɗaya ne: in ta fara bayanin aikinta ba ta san inda ake tsayawa ba.

Ta biyo gida Daura ne da 'yar kwalba a jaka, za ta kai ta inda ake haska sinadari a ga yadda ƙwayoyinsa suka jeru. A gindin kwalbar akwai wasu fararen tsinkaye masu ƙyalli, sai ka ce gishiri. Daga gadali ta tato su, wanda aka haƙo mata a fadamar Baure, kuma ta sha wahala kafin su daskare. Sanyi suke so, don haka ta ɓoye su bayan randa a ɗakin kakarta Iya.

Iya kuwa ta daɗe da fara mantuwa. Ɗanta na cikinta, Malam Zakiyyu, baƙo take ce masa, har ta ja mayafi in ya shigo. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Da hantsi Ikilima ta nuna wa mahaifin nata zane biyu na ƙirar sinadari a waya.

"Baba, wannan na furen dafodil ne na ƙasar Turai, da shi ake haɗa maganin mantuwa. Wannan kuma namu ne, na cikin kwalbar da na ajiye bayan randa. Dafodil ɗin dangi ɗaya ne da gadali."

Malam Zakiyyu ya ƙura ido. Zobba ne a sarƙe, nan da can duk kusan iri ɗaya.

"Maganin mantuwa kika ce?"

"Nasu ke nan. Namu lanƙwasarsa daban ce, ba a gama sanin aikinsa ba. Guba ne ma in ya yi yawa."

Ya ce to. Wannan "to" ɗin ba ta yi mata daɗi ba, amma ta share, ta fita gaida 'yan uwa. Ai duk wanda ya san Malam ya san rabin zance yake ɗauka, rabin da yake so.

Da ta dawo bayan azahar gidan ya yi tsit. Ta miƙa hannu bayan randa, ta jawo kwalbar. An ɗauraye ta tas, ga ɗigon nono a bakinta. Ta fito da gudu.

A inuwar darbejiya ta same su. Iya na zaune kan tabarma, ƙwaryar fura a gabanta saura kaɗan, gumi na tsattsafo mata a goshi. Malam Zakiyyu na durƙushe, ludayi a hannunsa.

"Baba, nawa ka zuba?"

"Ai ɗan kaɗan ne, sai na juye duka."

Iya ta yamutsa fuska, ta dafe ciki. Ta ɗago ta dube shi sosai.

"Zakiyyu," in ji ta, "furar nan da ɗaci."

Hawaye suka zubo masa. Ya juyo yana dariya.

"Kin ji? Ta kira sunana! Ikilima, akwai saura?"