Kabarin Saje a Bayan Gareji

A ofishin rajistar kaburburan tsoffin sojoji kowa Baba Awo yake ce masa, domin ko kujera aka ba shi sai ya auna ta da ido kafin ya zauna. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin safiyo, yana auna wa rayayyu filaye suna zaginsa. Da ya yi ritaya aka kira shi ya auna wa matattu, ya ce wannan ya fi masa kwanciyar hankali, tunda ba wanda zai tashi ya ce an ci masa iyaka.

Aikin ba wuya a takarda: a nemo inda aka binne sojojin wani yaƙi da aka gama tun ba a haife shi ba, a auna, a ɗauki hoto, a cike fom. Amma wata takwas yana yawo, duk inda taswira ta nuna maƙabarta sai ya tarar da gidan mai ko makaranta.

Tsohon barikin sojojin ma gareji ya zama. A can baya, tsakanin tarin tayoyi da wata matacciyar babbar mota, ya ci karo da kabari mai dutse, a share tsaf, an shafa masa farar ƙasa. Ruwan sama ya cinye rubutun, saura kalmar "Saje" da "mai aminci har ƙarshe". Makanikin wurin ya ce wata tsohuwa ce take zuwa duk wata da tsintsiyarta, kabarin babanta ne.

Baba Awo ya nemi gidanta. Tsohuwar ungozoma ce, ta haura tamanin, har yanzu idonta ras. Ta ce tana goye mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta kuwa abin da ta sani shi ne an binne shi a bayan bariki. Da ta girma ta je nema, dutsen nan kaɗai ta gani. Ta san mahaifinta ɗan dako ne, mai ɗaukar wa sojoji kaya, amma ta ɗauka da ya mutu ne suka ji kunya suka ƙara masa girma. Yanzu kaf zuriyarta jikokin Saje ake ce musu.

Da labari ya kai ga Daraktan ofishin, murna kamar ya zuba ruwa ƙasa ya sha. Ga kabari, ga dutse, ga 'yar mamaci da ranta. Nan take ya sa ranar taro, ya aika a buga katin gayyata.

Abu ɗaya ya tsaya wa Baba Awo a rai. Ya auna kabarin sau uku, ƙafa tara ne tsawo, ƙafa shida faɗi. Ya ce wa kansa, sai dai in da gadonsa aka binne Sajen nan. Ya tafi ɗakin adana tsoffin takardu, ya yi kwana huɗu yana atishawa, har ya samo littafin da magatakardan bariki yake rubuta abubuwan yau da kullum.

Saje yana ciki, shafi biyu cur. Alfadarin kwamanda ne. An rubuta ranar da ciwon ciki ya kama shi, da maganin da aka ɗura masa, da yawan bindigogin da aka harba a jana'izarsa. A ƙasan shafi na biyu, da ƙaramin rubutu, an ƙara rabin layi: 'yan dako goma sha ɗaya, zazzaɓi, an binne su taku ashirin gabas da Saje. Ba suna ko ɗaya.

Baba Awo ya koma gareji ya ƙirga taku ashirin. Na ƙarshen ya kai shi gindin matacciyar motar nan, inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa.

Darakta ya saurare shi yana jujjuya katin gayyata a hannu. Ya ce katin ya riga ya isa hannun manya, fom kuma ba shi da gurbin dabba.

"Baba Awo, Saje ne ko ba Saje ba?"

"Saje ne, ranka ya daɗe."

"Ya je yaƙin?"

"Ya je."

"To me ya rage? Cike fom."

Zuwa wurin tsohuwar ya fi masa nauyi. Ya zauna a bakin tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye, har ta ce masa ita ta sha gaya wa mutane labarin da ya fi wannan muni a ƙofar ɗakin haihuwa, ya faɗi kawai. Ya faɗa. Sai ta kama dariya har tana share hawaye da gefen mayafi.

"Shekara arba'in, ɗan nan, ina roƙa wa alfadari gafara. Ai ko dubu ya harba, yanzu an yafe masa."

"Ki yi haƙuri, Iya."

"Haƙurin me? Taku ashirin ne. Na tabbata Baba yana jiyo ni."

Da dariyar ta lafa, ta tambaye shi mutum nawa ya ce. Ashe matan 'yan dakon nan layi ɗaya aka zuba su bayan yaƙi, tare ta tashi da 'ya'yansu. Ta rufe ido tana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana rubutawa a bayan katin gayyatar Darakta. Ta kawo suna bakwai, har da na mahaifinta. Huɗu suka ɓace mata, ta yi ta dukan cinya tana jin haushin kanta.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Darakta ya ajiye furanni a kan dutsen, ya yi jawabi mai tsawo a kan jarumin da ya ɗauki nauyin ƙasa a bayansa bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba. Baba Awo ya duba jawabin daga farko har ƙarshe, bai sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Shi da tsohuwar suna can gefe, inda makaniki da abokan aikinsa suka ture motar da safe. Mai hoto ya zo ya roƙi Iya ta bar cikin dattin nan ta zo kusa da babanta. Ta ce ƙafarta ke ciwo, nan ma ya ishe ta.

Fom goma sha biyu Baba Awo ya aika hedikwata. Na Saje ya sami amincewa cikin mako biyu, da hatimi da komai. Sauran goma sha ɗayan aka dawo da su, wai ba lambar soja. Ya sake cikewa, ya haɗa da hoton rabin layin nan, ya mayar. Har yanzu yana jiran amsa.

Makanikin dai bai jira kowa ba. Ya kankare baƙin man, ya kewaye wurin da tsoffin tayoyi, duk direban da ya zo zai ajiye mota a nan sai ya daka masa tsawa ya ce ya matsa gaba, akwai mutane a kwance.