Ƙyallen da ke Tiyo na Huɗu

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, gwamnatin soja ta sa aka bi Yamai lungu-lungu ana tattara duk wata mota mai sauran numfashi, don kai dawar agaji ƙauyuka. Haka aka jawo wani tsohon kamiyo, babbar motar kaya mai dogon hanci, zuwa garejin Iliya a Kirkisoy, a ƙetaren kogi. Kogin ma a bazarar nan ya zama abin tausayi, mutane na tsallake shi da ƙafa ba su ko naɗe wando.

Iliya mutumin Dogon Dutsi ne, dattijo a majami'arsu, makaniken da ya fi yarda da kunnensa a kan bakin kowane direba. Ba shi da yawan magana, kuma in ya yi ta ba ta cika daɗi ba. Wanda ya rako motar wani soja ne siriri, Sarjan Illo, mai jajayen idanu kamar bai taɓa barci ba.

"Motar Sumana ce," in ji sarjan. "Ka san shi?"

Wa bai san Sumana ba? Bazabarme ne mai shuɗin rawani, wanda in ya tsaya a tasha ba ya kashe mota sai ya buɗe kapo, murfin injin, ya bi tiyoyin gazuwal, wato man dizal, ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da kile, wato sifana, ya kara kunne. Direbobi na yi masa dariya, suna cewa gaisawa yake da su.

"Mu muka tsince shi, gaba da Walam," sarjan ya ce, yana kallon ƙasa. "Tiyo ya tsage mishi cikin daji. Ya danne wurin da tahin hannu mote na aiki, gazuwal ya huda hwata ya shige. Hannun ya kumbura ya yi baƙi har kahwaɗa. Ga ƙishirwa. Ƙarƙashin mota muka ishe shi, da kile a ɗayan hannun. Mun kasa ɓamɓare yatsun, haka muka rufe shi da abinshi."

Iliya ya girgiza kai. Ya tambayi wanda zai tuƙa ta.

"Duk sun ƙi. Mutum ɗai ya karɓa, Markus. An ce ƙanenka ne."

Markus autan su Iliya ne, Iliya ne ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, mutum mai dariya a bakin rami. An yi wa duk direban da ya je alkawarin buhun dawa, ga Lami, matar Markus, da tsohon ciki, don haka babu mai iya hana shi. Abin da ya rage wa Iliya shi ne ya tabbatar motar da ta kashe mutum ɗaya ba ta ƙara da ɗan'uwansa ba.

Da ya ɗaga kapo sai ya ga abin da ya faru a fili. Tiyoyi shida na ƙarfe ke ɗaukar gazuwal daga pompo, famfon mai, zuwa kan injin, kuma ana ɗaure su da juna da kolye guda uku, maɗauran ƙarfe masu roba a ciki, don kada girgizar mota ta karya su. Babu kolye ko ɗaya. Wani gwanin bakin hanya ya taɓa kwance su, ya ga wahalar mayarwa, ya ɗauka ado ne. Tiyo na huɗu ya yi ta rawa shi kaɗai a kan hanyar tsakuwa har ya tsage.

A daidai tsagar akwai ƙyalle shuɗi, yagin rawani, an naɗe shi tamau. Ya bushe ya yi tauri da gazuwal da wani abu mai duhu. Ƙullin a karkace yake, bakin ƙyallen kuma duk sawun haƙora, irin ɗaurin mutumin da hannu ɗaya ya rage masa. Iliya ya sa wuƙa ya yanke shi, ya jefa cikin gangar baƙin mai, ya goge hannunsa a wando fiye da yadda ya kamata.

Washegari ya tsallaka kogi zuwa kasuwar Katako, ya tono tiyoyi shida masu lafiya daga wata matacciyar mota. Kolye biyu kawai ya samu. Ya zagaye rumfuna har rana ta take, na ukun ya ƙi samuwa. Ya ce a ransa biyu ma sun fi babu.

Ya yi aikin yadda ya saba. Ya wanke kowane tiyo ya hure shi, don ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta kashe anjekta, bakin da ke fesa mai cikin injin. Ya zaunar da kowanne a mazauninsa ba tare da ya lanƙwasa shi ba, ya fara ɗaure goro, wato notin bakin tiyo, da yatsu kafin ya kai kile. Ya sa kolye ɗaya a gaba, ɗaya a baya, tsakiya ya zauna fayau. Sannan ya sassauta gorunan sama, ya juya injin har kumfar iska ta fita gazuwal ya fito tsantsa, ya ƙara ɗaurewa. Motar ta yi tari sau biyu ta tashi.

Azahar ta gota, unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Iliya na tsaye yana sauraron bugun injin sai ya ji wani sauti a ƙarƙashinsa. Ƙwas. Shiru kaɗan. Ƙwas. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, tana tafiya daga gaba zuwa baya: tiyo na ɗaya, na biyu, na uku. Da ta kai na huɗu sai ta tsaya a nan, tana bugawa a hankali ba ta wucewa.

Ya kashe motar. Ƙarar ta ƙara bugawa sau ɗaya bayan injin ya yi shiru.

Iliya ya leƙa ƙarƙashi, ya zagaya, ya duba kilolinsa a kan buhu, duk suna nan a jere. Ya gaya wa kansa ƙarfe ne mai zafi ke hucewa. Shekara nawa yana jin ƙarfe na hucewa, kuma ya san ba haka yake yi ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya rufe kapo ya tafi gida da sauri. Bai gaya wa kowa ba, don dattijon majami'a ba ya zuwa da irin wannan zance.

Da safe ya riga kowa zuwa. Ƙofar gareji na kulle yadda ya bar ta. Ya ɗaga kapo, sai ga ƙyallen a ɗaure a tsakiya, daidai inda kolye na uku ya kamata ya zauna, ya haɗe tiyo na huɗu da na uku. Yana ɗigar baƙin mai. Inda wuƙarsa ta yanka an ƙulle, kuma a bakin ƙullin akwai sabon sawun haƙora.

Yana nan tsaye sarjan ya iso da sojoji biyu, Markus na biye da su da salkar ruwa a kafaɗa yana washe baki.

"Yaya, ina kwana? An ce amaryata ta tashi."

"Ba ta zuwa ko'ina yau," in ji Iliya. "Kolye ɗaya ya rage."

Sarjan ya ɗaure fuska. "Malam Iliya, ana jiranmu wurin lodi. Mutane na cin ganye can. Ka san inda ake kai mai tsaida motar gwamnati?"

Iliya ya sani sarai, kowa a garin ya sani. Ya matsa gefe ya nuna masa cikin injin.

Sarjan ya leƙa. Ya daɗe yana kallon ƙullin nan.

"Kai ka ɗaura wanga?"

"Jiya na yanke shi na jefa cikin ganga."

Sarjan ya ja da baya, ya cire hularsa ya share gumi. "Yi kolyenka," ya ce a hankali. "Ni zan yi musu bayani."

Iliya ya yanko ƙarfe mai faɗi gida biyu, ya ƙwanƙwasa musu gurbin tiyo a kan maƙera, ya shimfiɗa robar cikin taya, ya huda ya zura bulo, wato ƙusa mai zare. Ya ɗaura shi kusa da ƙyallen, ya ja har tiyoyin suka daina motsi ko da ya girgiza su da ƙarfi. Da ya ɗauko wuƙa, sarjan ya riƙe masa hannu.

"Bar mishi abinshi."

Markus ya tuntsire da dariya, ya ce to ashe ya samu ɗan rakiya kyauta. Iliya ya kama shi a kafaɗa ya girgiza.

"Saurara nan, kai marar ji. In ka ji warin gazuwal, kashe mote tukuna. Kada ka sa hannu kana lalube. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya. Tun ina yaro kake hwaɗa mini."

"Kuma tun kana yaro ba ka ji."

Motar ta tafi. Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari. Lami kan zo gareji da yamma ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallon hanya. Wasu motocin suka dawo, wasu aka jawo su. Iliya ya rame, ya daina yi wa mutane faɗa, abin da ya sa maƙwabta suka gane lallai yana cikin damuwa.

Wata ranar Asabar da hantsi ya ji bugun injin daga nesa, ya gane shi tun kafin motar ta karyo kwana. Markus ya diro, ya yi baƙi ya bushe, leɓɓansa sun tsattsage, amma da ƙafafunsa. Abu ɗaya ne ya ɓace, dariyar nan tasa.

"Duk inda na tsaya sai in ji shi yana bin tiyo," ya ce, bayan ya sha ruwa. "Har na saba. Wajen dawowa, gaba da Walam, na ji warin gazuwal. Na buɗe kapo mote na aiki."

"Ka sa hannu."

Markus ya sunkuyar da kai. "Na miƙa. Ban kai ba aka buge ni. Yaya, babu kowa wurin, ko tsuntsu. Na kashe mote na duba, goron na huɗu ne ya saki, yana hura mai siriri, ido bai gani sai cikin rana. Na ɗaure. Da na ɗaga kai na ga tarin duwatsu irin na kabari bakin hanya. Tun daga nan ban sake jin shi ba."

Iliya ya ɗaga kapo. Kolye uku suna nan daram, ƙyallen kuwa babu shi. Ya juyo ya kama hannun ƙanensa ya ja hannun riga sama. A wuyan hannun akwai tabo baƙi mai baki biyu, bai gama bajewa ba. Ya sunkuya ya ɗauko kile mai lamba sha bakwai daga kan buhu, wanda ake ɗaure goron tiyo da shi, ya ɗora a kan tabon, ya zauna daidai.

"Je ka gida," ya ce, bai saki hannun ba. "Lami ta haihu."