Ɗakin Doguwa a Gidan Lantana

Shekara goma sha ɗaya Maikano yana aikin ƙiyasta darajar gidaje da filaye a Dogon Dutsi, bai taɓa ganin magadan da bakinsu ya zo ɗaya ba sai a gidan marigayiya Lantana da ke Matankari. Kotu ce ta aike shi, don a raba gado tsakanin 'ya'yanta biyu: Halilu ɗan kasuwa, wanda suka yi karatun lakkwal tare da Maikano, da yayarsa Shatu, wadda ta dawo gidan tun da mijinta ya rasu.

Gidan kansa ba abin a zo a gani ba ne, ɗakuna huɗu na laka da rumbun da ya karkace. Filin ne abin so, ga faɗi, ga shi a bakin hanya. Sai dai a kusurwar gabas akwai wani ɗan ɗaki inda Lantana, 'yar bori ta gaske a zamaninta, take ajiye kayan doguwarta. Mutanen unguwa ko akuyarsu ce ta shiga wurin, ba sa bin ta.

Halilu ne ya fara zuwa. Mutumin da ko kiɗan goge ya ji a rediyo sai ya yi a'uziyya, yau shi ne ya zauna a biron Maikano, wato ofishinsa, yana ba da labarin ƙarfin doguwa har da rage murya.

"Ka san babu mai sayen gidan iska," in ji shi. "Rubuta hakanan, ka rage rabi. Ƙarya na ce ka yi?"

Abin da ya dami Maikano ke nan, don ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Ɗan Matankari ko kyauta aka ba shi gidan ba zai kwana ciki ba. Amma makonni biyu da suka wuce Maikano ya ga Halilu a meri, ofishin magajin gari, tare da wani baƙo daga Yamai mai neman wurin gina ɗakin ajiyar wake a bakin hanya, kuma baƙo ba ruwansa da doguwar kowa. Lissafin a fili yake: a karya kuɗin gida, Halilu ya sallami Shatu da ɗan abin da ya samu, sannan ya sayar da tsada shi kaɗai.

Ranar awo, Shatu ta bari sai da ya naɗe igiyarsa, ta kawo masa fura, ta zauna nesa kaɗan. Sai ga ta da roƙo iri ɗaya da na ƙanenta. Ta ce in kuɗin suka yi yawa Halilu ba zai iya biyan ta kasonta ba, kotu za ta ce a sayar a raba. In kuwa suka yi kaɗan, zai biya ta, gida ya zama nasa, ya bar ta ta ci gaba da zama tana share ɗakin innarsu. Ya yi mata alkawari.

Maikano ya tambaya ko an rubuta alkawarin. Ta yi dariya, ta ce ita ta goye Halilu. Ya daure ya gaya mata zancen baƙon Yamai, nan take fuskarta ta canja.

"Malam Maikano, awo aka aiko ka. Kada ka shiga tsakanina da ɗan'uwana."

Kwana uku takardar tana kan teburinsa, ya kasa cin abincin kirki. Ya ji haushin Halilu, ya ji haushin Shatu, ya fi jin haushin kansa, don ya san in ya rage kuɗin babu wanda zai taɓa kama shi. Duka magadan sun yarda, unguwa za ta shaida. Amma hannunsa ne zai zauna a ƙasan takardar, kuma abin da aka tambaye shi ɗaya ne: nawa wurin zai yi a kasuwa. Ya duba filaye uku da aka sayar a bakin hanyar nan bara, ya rubuta kuɗin gaskiya. Ɗakin doguwa kuwa, layi ɗaya ya rubuta a kansa.

Halilu ya ce ba shi da abin biya, kotu ta ce a sayar a raba. Da aka fito ya wuce Maikano kamar bai taɓa ganin sa ba, wannan kuwa Maikano ya shirya masa. Shatu ce ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ni kuɗɗi na roƙe ka?" ta ce. "To gaya mini, ina za ni kai kayan inna? Wa za shi ba ni ɗaki da su?"

Ya buɗe baki zai ce kasonta yanzu ya isa ta sayi gida a cikin gari, sai ya tuna babu unguwar da za ta karɓe ta da waɗannan kaya. Kuma har ga Allah bai sani ba ko Halilu zai cika alkawarin in da an rage kuɗin. Ta gyara mayafinta ta nufi tasha.