Fuskokin Bangon Harisu

"A'a, mai baƙin tabarau ba zai yi dagaci ba," in ji Mu'azu, yana goge burushi a ƙafar wandonsa. "Dogari za mu sa shi, ya tsaya bakin ƙofa."

Harisu ya yi dariya har ya kusa yanke kunnen wanda yake wa aski. Kwana uku ke nan suna wannan musu a shagonsa na Agege a Legas. Shi dai kawunan aski ya ce maƙwabcin nasa ya zana masa a bango, irin na kowa. Amma Mu'azu, wanda ya shekara talatin yana zane a jikin motocin haya na danfo da tirelolin Ijora, ya ce ai soja sun koma bariki, yanzu hannu ya samu 'yanci. Shugabannin ƙasa zai jera gaba ɗaya a cikin tsohon wasan fadar dagacin nan da suke kallo a talabijin mara kala suna samari.

Suka yi ta rabon muƙami. Mai doguwar hula ya samu limanci. Mai wushirya aka ba shi dillanci, don ya iya baki. Wani suka rasa inda za su kai shi, Harisu ya ce a ba shi shela, tunda da sanarwar rediyo ya zo.

Aikin ya ci wata biyu, saboda tari ba ya barin Mu'azu ya daɗe a kan tsani. A kusurwar ƙasa ya ƙara abin da ba a yi shawararsa ba: mutum biyu a benci sun waiwayo suna dariya, ɗaya da almakashi a aljihu, ɗaya da burushi a bayan kunne. Harisu ya ji daɗin wannan ƙwarai, don Mu'azu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Damina na shigowa asibiti suka sallamo Mu'azu, suka ce fenti ya gama da huhunsa. Wata rana bayan la'asar matarsa Hansai ta aika a kira Harisu. Ya same shi jingine da filo, ya rame sai idanu. Mu'azu ya ce akwai maganar da ya daɗe yana ji a wa'azi yana toshe kunne: wanda ya zana mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya hura masa rai.

"Na jikin danfo rana da ruwan sama sun share mini su. Naka ne a inuwa. Ka shafe fuskokin, Harisu."

"Oga, har da na benci?"

"Su suka fi kama da masu rai."

Harisu ya ce to, amma ya yi ta jan ƙafa, gobe, jibi. Ranar Talata da hantsi Mu'azu ya cika.

Bayan sadakar uku Harisu ya tsaya a bayan labulen Hansai. Ya ce ko ya dakata har ta fita takaba, ta zo ta ga mijinta sau ɗaya, tunda babu wani hotonsa a duniya. Shi kansa ya san don kansa yake roƙo.

"Ni na san fuskarsa, Baban Ummi," ta ce. "Kada a bar shi yana jira."

Washegari ya buɗe gwangwanin farin fenti. Shugabannin ba su ba shi wahala ba, kuma masu jiran aski suka ci gaba da gane kowanne daga hularsa. Da ya durƙusa gaban bencin, tasa fuskar ya fara shafewa. Sannan ya daɗe riƙe da burushi har fentin ya bushe a jikinsa, sai da ya sake tsomawa. Ya yi bismilla, ya shafe ta Mu'azu a hankali, kamar mai gyara wa ango gemu.

Ƙaramin burushin nan na bayan kunne kuwa ya kewaye shi ya bari, tunda shi ba za a ce a hura masa rai ba.